Silifas ɗin Oga Bong da Katin Matarsa

Su takwas ne a ƙungiyar, duk 'yan walda da masu fentin jiragen ruwa a tsibirin Geoje, kuma sun fi shekara ashirin suna hawan dutsen Gyeryong ranar Lahadin farkon kowane wata. In sun sauko ba su da wajen zuwa sai gidan abincin Inna mai agwagwa. A tuɓe takalma a bakin dakali, a hau a tanƙwashe ƙafa, a ci farfesun agwagwa da wainar albasa, a kora da giyar shinkafa. Wajen ci kam kowa gwani ne. Sai an zo tashi ake sanin waye waye.

Takalmin hawan dutse, igiyarsa kamar ta guga. Wanda ba ya son biya sai ya duƙa a bakin dakalin ya kama ɗauri, ya ɗaure ya kwance, ya ce ta hagu ta fi ta dama matsewa, har wani ya gaji ya nufi kanta. Sarkin wannan sana'a shi ne Byeon Changu mai fenti, wanda aka ce ya taɓa cinye minti goma sha biyu a kan ƙafa ɗaya. Shi kuwa Bong Pansu silifas yake cusawa a jakar goyonsa, na roba, shuɗi, irin na banɗaki. Kafin a gama cewa a tashi ya zaro su ya zura ƙafa, taku uku yana gaban Inna da kati a hannu. In wani ya yi yunƙurin tare shi sai ya ture shi da kafaɗa.

"Koma ka ɗaure igiyarka. Yaushe ƙani ya fara biya a gaban yayansa?"

Alhali wata uku kacal ya girme shi.

Pansu ba ɗan masu kuɗi ba ne. Ɗan masunci ne, ya bar makaranta yana da shekara goma sha bakwai ya kama walda, ya yi shekara goma sha tara yana rarrafe a cikin cikin jirgi, inda hayaƙi ke sa mutum ya tofar da baƙin yawu. Daga baya ya buɗe ɗan wurinsa da ma'aikata goma sha ɗaya, suna haɗa bututu suna kai wa wani ɗan kwangila. Nan aka fara ce masa Oga Bong. Ya sayi gida a hawa na tara, ya kai 'yarsa Nari jami'a. Amma abin da ya fi so a duniya bai wuce ya ga mutane suna ci shi yana biya ba.

Shekarar da aikin jirage ya tsaya cik, ɗan kwangilar nan ya zo har gida da kwalin tuffa da hawaye, ya roƙe shi ya tsaya masa a banki. Pansu ya ɗauko hatiminsa ya buga. Bayan wata huɗu mutumin ya yi layar zana, har da kuɗin bututun wata shida da bai biya ba, ya bar Pansu da bashin da bai ci ko ƙwayar shinkafa a ciki ba. Za a ce wauta ce. Wauta ce mana, wa ya musa? Amma bankin da ya ƙirga kuɗi ya miƙa wa ɓarawo, shi wa ya hukunta shi? Ko kujerar manajan ba a gusar ba.

Pansu ya sayar da gidan, ya fara sallamar ma'aikatansa goma sha ɗaya, bai bar ko ɗayansu yana bin sa ko won ɗaya na kuɗin ƙasar ba. Sauran bashin bankin kuwa kotu ta yanka masa abin da zai riƙa biya duk wata har shekara biyar. Aka rufe katunansa. Makinsa na amana, lambar nan da bankuna ke liƙa wa kowa daga ɗaya zuwa dubu kamar kifi a kasuwa, ya faɗi warwas. Suka koma haya, ciki biyu a saman shagon wanki da guga.

Watan farko bayan faruwar abin ya je dutsen kamar kullum. Da aka zo tashi daga gidan Inna, hannunsa ya kai jaka da kansa, sannan ya tuna. Ya janye hannun, ya duƙa ya kama igiyar takalmi. Changu na gefensa yana nasa aikin, ya ɗago ya dube shi.

"A'a, Oga Bong! Barka da zuwa layinmu. In kana so in koya maka ƙullin da ya fi daɗewa."

Wasa ne, kowa ya yi dariya, shi ma ya yi. Ya koma gida ya cusa silifas ɗin ƙarƙashin kabad, ya ce wa matarsa ba zai ƙara zama a teburin nan ba sai ranar da zai iya zuwa kanta da katinsa na kansa. Daga ranar bai sake hawa dutsen ba. Duk wata Changu sai ya turo saƙo, "Yaya, jibi ne fa," Pansu ya karanta ya kife wayar.

Matar tasa ita ce Tak Inja, mai dafa abinci a kicin ɗin makarantar firamare, shekara ashirin da biyu tana juya shinkafar yara ɗari shida da ludayi mai kama da shebur. Gajeriya ce, kafaɗarta ta dama ta fi ta hagu kauri, muryarta kuwa ta saba da tsere da ƙarar injin wanke kwanuka, ko sannu za ta ce maka sai maƙwabta sun amsa. Albashinta ne ya riƙe gidan. Shekara ɗaya da rabi Pansu ya yi a ɗaki, fuska ga bango, ba aski ba gaisuwa. Waɗanda suka ci agwagwarsa a unguwa in sun hango Inja sai su tuna da saƙo a waya. Daga baya ya samu gadi a wani rukunin gidajen bene, kwana ɗaya aiki kwana ɗaya hutu, yana ware robobi da kwalaye a bola, yana rusuna wa yaran da ya haifi kamarsu. Ya biya kotu shekara biyar ɗin nan bai makara ko sau ɗaya ba.

Ranar da takardar sallama ta fito daga kotu ya sa farar riga ya je banki neman kati. Aka ce makinsa bai kai ba. Ya ce yaya ake yi ya kai? Aka ce sai an ga yana amfani da kati yana biya a kan lokaci. Ya ce to a ba shi katin. Aka ce ai makinsa bai kai ba. Wato sai ka iya iyo za a bar ka ka taɓa ruwa. Masu digiri ne fa suka zauna a ofis mai sanyi suka tsara wannan.

Wanda ya kawo masa dabara shi ne tsoho Ham, abokin gadinsa, mai ɗa a Amurka, wanda ba ya magana uku bai ambaci ɗan ba.

"Oga Bong, kai ma da wahalar da kanka kake. Matarka ba ta da kati? Ta sa a buga maka na iyali a ƙarƙashin nata, da sunanka a kai. Kana sayayya, tana biya, makinka na hawa. Haka surukata ta yi a can, shekara ɗaya ta sayi mota."

Kwana huɗu Pansu yana juya maganar kafin ya iya furta ta. Mutumin da ya saba miƙawa, roƙo yana masa nauyi ko a wurin matarsa ne. Ranar ta biyar, Inja na gyaran kabeji a ƙasa, ya tsaya a kanta yana kallon rufi.

"Maman Nari, katin nan naki."

"Me ya yi?"

"Ba abin da ya yi. An ce ana buga wa miji irinsa."

"An ce. Wa ya ce? Ham mai Amurka?"

"Ba don in ci miki kuɗi ba ne. Duk abin da na saya zan ajiye miki kuɗinsa a ranar. Makin nake so ya motsa, in samu nawa."

Ta ajiye wuƙar ta dube shi. Rabon da ta ji ya ce yana son wani abu, ko da ƙarin miya ne, ta manta.

"To ka daina kallon rufi, ba can katin yake ba. Gobe in na tashi aiki zan biya bankin."

Bayan mako guda katin ya iso. Kore ne, da BONG PANSU a jikinsa da haruffan azurfa. Ya zauna a bakin shimfiɗa yana shafa haruffan da babban yatsa, ya sa a walat, ya fitar, ya sake sawa. Inja ta gaya masa abu ɗaya tun farko, cewa duk sanda ya goga katin, alat zai shigo wayarta, da sunan shago da kuɗi da lokaci.

"Wato ko tsire na saya sai kin sani."

"Ko tsinken tsiren."

Bai so ba, amma ya haɗiye. Ya ɗauki abin kamar aikin walda, a hankali, layi bayan layi. Ham ya ce kada ya bar katin ya kwana biyu bai motsa ba, don haka ranar hutunsa, maimakon kwanciya, sai ya yi wanka ya fita neman abin da zai saya. Awara a shagon tsohuwar kan kwana, won dubu biyu. Batir. Safar hannu. Ya gano cewa in ya raba sayayyar gida uku, sau uku ke nan a rubuce, sai ya riƙa sayen awara a nan, albasa a kasuwar ƙasa, sabulu a can bakin tasha, yana taka rabin gari da ƙafa. Ya koma wajen wanzaminsa na da. Ya fara tsayawa yana musu da mai kifi a kan farashi. Da yamma ya jefa kuɗin abin da ya saya a gwangwanin biskit da ke kan firji, da ƙarfi, don Inja ta ji.

Wani lokaci tana shigowa gida za ta fara.

"Baban Nari, wainar ƙwai biyu da kofi biyu, ƙarfe uku da kwata. Wace ce ta biyun?"

"Ham ne."

"Ham ne yake shan kofi mai madara da kirfa?"

"Ɗansa ne ya koya masa."

"Allah ya kai ni Amurkar nan in ga abin da ba a koyarwa."

Wata goma ana haka. Cikin watan Oktoba saƙon Changu ya zo, amma ba irin na kullum ba. "Yaya, Inna za ta rufe gidan, gwiwoyinta sun ƙi. Lahadin farkon Nuwamba ce ta ƙarshe. Ta tambaye ka da suna." Wannan karon Pansu bai kife wayar ba. Ya lissafa, saura kwana goma sha tara. Kati na fitowa cikin mako guda. Washegari ya sake sa farar rigar.

Yarinyar da ke bayan kanta a bankin ba ta fi Nari ba. Ta karɓi katin shaidarsa da hannu biyu, ta danna, ta duba, ta ɗan cije leɓe.

"Yallaɓai, ka yi haƙuri. Makin ya ɗan motsa, amma kaɗan ne, bai kai ba."

"Duba da kyau, 'yata. Wata goma nake amfani da kati, ko kwana ɗaya ba a makara ba." Ya zaro koren katin ya ɗora mata a gaba, ya juya shi yadda za ta ga sunan.

"Ai wannan na iyali ne, Yallaɓai. Duk abin da aka saya da shi, a kan mai asusun ake rubutawa. Sunanka ne a jiki, amma mu a wajenmu Madam ce ta saya, ita ta biya."

"A Amurka fa an ce..."

"Wataƙila can haka ne. Nan ba haka ba ne." Ta sassauta murya. "Ka riƙa sayayya da katin cire kuɗi na asusunka, ka kawo shaidar biyan kuɗin waya da na wuta da sunanka, yana taimakawa. Wayarka da sunan wa take?"

Da sunan Inja take. Wuta ma haka, haya ma haka. Tun shekarar da abin ya faru aka mai da komai sunanta.

"Ai muna yi wa kowa wannan bayanin ranar da ya zo neman katin iyali," in ji yarinyar. "Har hannu ake sawa. Na tabbata an gaya wa Madam."

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wata goma mutum yana zagaye gari da awara a leda, ashe makin matarsa yake yi wa kitso, ita da ba ta buƙata. Kuma a ce wai tsari ne. Wane irin tsari ne zai buga sunan mutum da azurfa sannan ya ce bai san shi ba?

Bai hau bas ba, da ƙafa ya koma. Ƙarfe huɗu da rabi Inja ta shigo tana warin albasa da sabulun kwanuka, ta tarar da shi zaune da farar rigar, katin a kan tebur.

"Kin sani?"

Ba ta tambayi me ba. Ta ajiye jakarta.

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da na je. Yaron bankin ya faɗa mini, na sa hannu."

"Kika bar ni ina yawo kamar mahaukaci! Awara a gabas, sabulu a yamma! Kina can kina kallon wayarki kina dariya, ke da matan kicin ɗinku!"

"Dariya?" Muryar nan tata ta tashi, sai da mai wanki a ƙasa ya kashe rediyonsa. "Dariya ka ce? Bong Pansu, shekara ɗaya da rabi ina barin ka a ɗakin nan fuskarka a bango, in dawo in same ka yadda na bar ka. In kira ka ba ka ɗauka. Ranar da ka ce za ka je kallon teku ka kai magariba ba ka dawo ba, ka san inda na je nemanka? Ka san ƙarƙashin gadar da na leƙa? Ko da ka kama gadin nan, ranar hutunka gawa ce da numfashi. Ina juya shinkafar yaran mutane, zuciyata na nan ɗakin."

Ya buɗe baki, ta ɗaga masa hannu.

"Ban gama ba. An hana mu shiga kicin da waya. Tawa a cikin safa nake sa ta. Ƙarfe goma da rabi in ji ta motsa a idon sawuna, in ce to, ya tashi, ya yi wanka, ya fita, ya yi magana da mutum. Ƙarfe ɗaya ta sake motsawa, in ce ya kai kasuwar ƙasa, ƙafarsa na aiki. Ranar da na ga sunan shagon aski, bayan tukunya na koma na yi kuka, matan nan suka zaci albasa ce. Kai kana neman makin banki, ni mijina nake nema. In na faɗa maka gaskiya ranar, da ka fita?"

Ya juya katin a kan tebur.

"Ƙarya dai kika yi mini," ya ce can, a hankali.

"Na yi. Gobe ma in ta kama zan ƙara."

Ya tashi ya ɗora katin a kan firji kusa da gwangwanin biskit. Kwana goma sha takwas bai taɓa shi ba. Suna magana, amma irin ta "ga abinci" da "na ƙoshi". Wayar Inja ta yi tsit a cikin safa.

Ana gobe Lahadin ya ce zai je ya gaida Inna, don tsohuwa ta kira sunansa, rashin zuwa rashin kunya ne. Zai hau dutsen, ya gaishe ta a tsaye, ya wuce, ba zai zauna ba. Inja ta ce shi ya sani. Da safe ta miƙo masa jakar goyon, ta ce ta sa ruwa da naɗin shinkafa.

Su shida suka rage a ƙungiyar, ɗaya ya rasu, ɗaya ya bi 'ya'yansa birni. Ba wanda ya tambaye shi ina ya shiga shekara shida. Changu, da furfura ta cinye masa kai, ya dube shi sama da ƙasa.

"Yaya, ka rame. Ko tumbin ma kotu ta karɓe?"

"Kai ma gashin naka wa ka tsaya wa a banki?"

Shi ke nan gaisuwar. Suka kama hanya, ganyaye sun yi ja, gwiwoyi na ƙara. A ƙwanƙolin dutsen, inda ake hango manyan ƙugiyoyin wajen ƙera jirage, Pansu ya buɗe jaka zai ɗauko ruwa. Ƙarƙashin naɗin shinkafar ya ga shuɗin robar silifas ɗinsa. An wanke su tas, an haɗe su da kyauro, koren katin a maƙale a tsakani. Ba takarda, ba saƙo. Ya yi sauri ya zuge jakar, ya ce iskar wajen ce ke sa masa hawaye.

Gaisuwar tsaye kuwa ba ta yiwu ba. Inna na ganinsa ta dafa kantar ta taso da ƙyar, ta kama hannun rigarsa.

"Ɗan nema! Sai da na ce zan rufe za ka zo? Hau ka zauna, ko in rotsa maka ludayi."

Ya hau ya zauna a wurinsa na da, jikin bango. Aka kawo agwagwa, aka ƙara, aka kawo wainar albasa har uku. Yana ci yana jin jakar a bayansa kamar garwashi. Shekara shida yana cewa sai da nasa. Wannan ba nasa ba ne, banki ma ya faɗa. Amma gobe war haka babu kantar, babu Inna.

Da aka zo tashi sai ya lura da wani abu. Duk su biyar ɗin sun sassauta igiyoyin takalmansu tun wajen tuɓewa, sun jera su baki na kallon kanta. Changu da kansa, sarkin ɗauri, ya riga kowa miƙewa yana laluben walat. Ashe sun haɗa baki ne kada a bar shi ya ji kunya, a biya kafin ya duƙa.

Wannan ne ya tunzura shi. Tausayi! Shi za a yi wa tausayi a gidan Inna? Ya finciko jakar, ya tsinke kyauron, ya watsa silifas a ƙasa ya zura ƙafa. Changu na tsalle da takalmi ɗaya, Pansu ya bi ta gefensa ya ba shi kafaɗar nan ta da.

"Yaya, tsaya! Yau tawa ce, mun gama magana!"

"Shekara ashirin kana ɗaure igiya, yau ce za ka tuba? Matsa!"

Suka cakume a gaban kanta, kowa na miƙa hannu ta saman kafaɗar ɗan'uwansa, kowa na ihu Inna ta karɓi nasa. Changu ya riƙe masa wuyan hannu, idonsa ya sauka kan katin, ya ga 'yar alamar katin iyali da ke kusurwa.

"A'a. Yaya, wannan ai na iyali ne."

Kowa ya juyo yana kallon Pansu. Yana iya cewa kuskure ne, ya ɗauko na gida. Ya dubi silifas ɗin, ya ga har tsakanin yatsu an bi da buroshi.

"Na matata ne," ya ce, da ƙarfi yadda na ƙarshen layi zai ji. "Sunana ne a kai, amanar tata ce. Banki bai yarda da ni ba, ita ta yarda. Akwai mai magana?"

Changu ya saki hannunsa. Ya juya nasa katin ya kai masa har hanci. Alamar ce dai a kusurwa.

"Kai Yaya, mu ɗin da na wa kake zato muke yawo? Me kake tsammani ya sa nake ɗaure igiya shekara ashirin? In na goga wannan, kafin in kai ƙofa matata ta kira ni!"

Dariya ta ɓarke, har wani ya zauna daɓas a kan takalman mutane. Inna ta zare katin daga hannun Pansu ba ta ko kalli na sauran ba.

"Ni ban san banki ba," ta ce tana saka shi a na'ura. "Mai silifas na sani."

Na'urar ta yi ƙara, takarda ta fito. Pansu ya sa hannu, ya tsaya yana jira, don ya san abin da ke tafe. Ko minti ɗaya ba a yi ba wayarsa ta ɗauka. Ya kara a kunne, ya nisanta ta kaɗan, kowa na ji.

"Won dubu ɗari biyu da tamanin da huɗu! Baban Nari, agwagwa kuka ci ko jimina?"

"Mu shida ne, Maman Nari."

"Changu na nan? Ce masa na ji labarin ƙullinsa, wata mai zuwa shi zai biya ko a bakin titi ne." Aka ji tana jan hanci. "Gobe ƙarfe huɗu ka same ni a ofishin waya, a mai da layin nan sunanka, na gaji da biya maka. Kuma ka taho da awara."

"A wane shago?"

"Duk wanda ya fi nisa."

Ya kashe wayar. Sauran na bakin dakali a duƙe, kowa na fama da igiyarsa. Pansu ya rataya takalman dutsen a wuya, ya rusuna wa Inna har ƙasa, ya fita titi da silifas.